Ko Lami Ta Iya

Ina tsaye a wani shagon mayafai a titin Jalan Masjid India da ke nan Kuala Lumpur, na ɗora wani mai ruwan toka a hannu ina duba shi a hasken ƙofa, sai wayata ta yi ƙara. Dokta Haruna ne, wanda ofishinsa ke jikin na babanku a jami'a. Ba ya kirana sai ranar Sallah.

"Maman Abba, kina ina?"

Na gaya masa.

"Akwai kujera kusa da ke?"

Ban nemi kujera ba. Na ce ya faɗi abin da zai faɗa. Ya ce sun idar da azahar tare, Malam, babanku, ya zauna yana lazimi, sai ya jingina da bango, da aka taɓa shi ba ya amsawa. Ya ce suna asibiti. Bai ce ya rasu ba, ni ma ban tambaya ba, amma ba a yi ta maimaita wa mutum "sai haƙuri" a kan suma. Na ninke mayafin yadda na same shi, na miƙa wa mai shago, na yi masa godiya. Na taka zuwa tasha, na hau jirgin ƙasa, na sauka inda ya kamata, na nemo sashen gaggawa ban tambayi kowa hanya ba. Sauran abin da ya faru ranar kun sani, kuna wajen. Ba shi zan rubuta ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar da muka yi da kai, Abba, ba da jimawa ba bayan na fita takaba. Ka zo da yamma daga wajen aiki, Ummi tana nan, muna shan shayi.

"Mama, mai buga littattafan ya kira daga Kano," ka ce. "Yana so ya sake buga su duka, da hoton Baba a baya. Na ce masa boleh, ba matsala, amma za mu canza suna."

"Wane suna?"

"Ko Lami Ta Iya. Ba fair ba ne, Mama. Tun muna yara ake miki dariya da shi. Baba mutumin kirki ne, amma wannan..."

Sai ka ƙarasa da Turanci. Na gane abin da ka ce. Cin fuska kake nufi. Na dubi Ummi, na ga ta zuba wa kofinta ido, sai na san kun riga kun yi shawara. Ban iya ba ku amsa a lokacin ba, don ni bakina ba ya sauri, kuma muryata ba ta gama dawowa ba. Sunan littafi ba shi ya fi damuna ba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne a ce ka sa mahaifinka a kabari da hannunka, kana ɗauke da wannan a ranka, cewa ya wulaƙanta uwarka a bainar jama'a kuma ta yi shiru. Ba haka aka yi ba. Ga yadda aka yi.

Da farko ku san ni da babanku taubasai ne. Kun san Goggo, kakarku ta wajen uba, ƙanwar mahaifina ce, amma ba ku san abin da hakan ya ƙunsa ba. A wajenmu ɗan mace da ɗan namiji abokan wasa ne daga haihuwa har mutuwa. Ni 'yar namiji ce, shi ɗan mace, don haka shi bawana ne, haka muka tarar ana faɗa. Tun yana zuwa ƙauyenmu hutu da gajeren wandon makaranta nake ce masa bawa, shi kuma yana ce mini baƙauya, don a birnin Kano ya tashi. Idan ya zo gidanmu in ɓoye masa takalmi. Idan na je nasu ya ce a ba ni ruwa a ƙwarya kada in fasa musu kofi. Ba a fushi a wannan wasa, wanda ya yi fushi shi aka ci. Da muka yi aure ba mu daina ba, mun dai shigar da shi ɗaki. A gabanku Malam nake ce masa, shi ya sa ba ku taɓa jin ɗaya sunan ba.

Na gama firamare, na yi Islamiyya, iyakar karatuna ke nan. Da wannan na biyo babanku Kuala Lumpur lokacin da aka turo shi karatun digiri na uku, kai Abba kana ƙarami, Ummi tana ciki. Aka ba mu gida a can sama a wani dogon bene a Bukit Jalil. Shi ya fita da safe, ni in tsaya a taga ina kallon jirgin ƙasa yana wucewa, ban san daga ina yake ba, ban san inda za shi ba. Ba ni kaɗai ba ce. Matan Hausawa da ke benayen nan duk haka muke. Ko gishiri ne ya ƙare, sai a jira maigida ya dawo. A gida kowacce a cikinmu mace ce mai sana'a ko mai aiki, ta san kasuwa, ta san asibiti. A nan muka koma kamar yara, kuma ba wadda ke so 'yar'uwarta ta gane.

Wata safiya na tashi da ciwon baya mai tsanani. Babanku ya riga ya fita, ranar zai gana da malamin da ke duba aikinsa, ban so in katse shi ba. Na tuna na taɓa hango wani allo a jerin shagunan da ke ƙasa da mu, an rubuta KLINIK MATA. Klinik na sani. Mata kuwa ai ba sai an fassara mini ba. Har daɗi na ji, na ce ashe mutanen nan suna da 'yar Hausa a bakinsu. Na sa hijabi, na kama hannunka, muka sauka. A ɗakin jira na ga tsofaffi maza, wani da auduga a ido, na ce a raina matansu suka rako. Da aka kira ni, aka zaunar da ni gaban wani inji, aka ce in ɗora haɓa, aka haska mini fitila a ido. Na ce lallai ƙasar nan ta ci gaba, ta ido ake leƙa ciki. Aka nuna mini baƙaƙe a bango, manya da ƙanana, na karance su tas. Likita ya ɗaga mini babban yatsa, ya nuna mini ƙofa. Ni kuwa na ƙi tashi, na nuna masa cikina. Ya dube ni, ya dubi ma'aikaciyar da ke tsaye, wata yarinya 'yar ƙasar mai ɗan ƙaramin hijabi. Ita ce ta fara ganewa. Ta sa yatsa a ƙarƙashin idonta.

"Mata, kak," ta ce. "Mata."

Ido ke nan da yarensu, kak kuma yaya. Ta rufe baki da hannu. Ba su yi mini rashin mutunci ba, har ta rako ni bakin ƙofa tana nuna mini wani asibiti a tsallaken titi. Amma labarin ya riga ni isa ɗakin jira, wani tsoho ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ban je tsallaken titin ba. Gida na koma.

Da babanku ya dawo na ba shi labari, sai da ya zauna a ƙasa don dariya.

"Baƙauyata! To me likita ya ce, jaririn yana gani da kyau?"

A duk zamanmu ranar ce kaɗai ya jefo wasa ban mayar ba, kuma da haka ya gane. Ya tashi ya kai ni asibitin da ya dace, aka ce ba komai, nauyin ciki ne. A hanyar dawowa na ce masa ya mayar da ni gida in haihu a gaban uwata, kuma kada ya sa ran zan dawo. Na ce a ƙauyenmu ni mutum ce. Ba da fushi na faɗa ba, kuma ya san ba barazana ba ce. Daga ranar na daina fita ko ƙasa, kuma labarin ya zaga mata, don ni da kaina na gaya wa ɗaya, ɗaya kuwa ta isa.

Bayan 'yan kwanaki ya kawo mini takarda. Ya ce ya rubuta mini yadda ake hawa jirgin da nake kallo ta taga, in je Masjid India in sayo yadin suna da kaina, idan na je na dawo kuma har yanzu ina son tafiya gida, zai kai ni. Ya zauna ya karanta mini ina tsince wake. Hausa ce, amma irin ta labaran rediyo. Matafiyi zai tabbatar da kaza, daga bisani ya nufi kaza.

"Tsaya. Ban gane ba."

Ya ajiye takarda ya fara yi mini bayani da baki, yana nuni da hannu.

"Malam, idan na je tashar, bakinka zai bi ni?"

Sai ya ɗauki takardar ya koma tebur. Daga wannan tambaya dokar aikinmu ta fito, kuma ba mu taɓa karya ta ba: duk inda na ce tsaya, ba shi da izinin yi mini bayani da baki, sai dai ya sake rubutawa. Ya rubuta "ki sayi tikiti", na ce wajen wa, in ce masa me, kuma in gaishe shi tukuna ko kuwa? Ya koma. Har yau na haddace yadda ta fito a ƙarshe. "Ki je tagar da mutum yake zaune. Ki ce, Masjid Jamek, satu. Masjid Jamek tashar da za ki sauka ce, satu kuma ɗaya ke nan. Ba sai kin tambayi lafiyar iyalinsa ba, ba zai ji haushi ba." Can ƙasa kuma, "Idan za ki fita, injin zai haɗiye katinki. Kada ki tsaya jira, ba zai dawo da shi ba." Ya ƙara da cewa inda aka rubuta masuk nan ake shiga, keluar nan ake fita, mata kuma ido ne.

Ranar Asabar na tafi, da cikina a gaba, takarda a cikin hijabi. Na sauka inda ta ce, na fita ta inda ta ce, na ga masallacin a inda ta ce zan gan shi. Na yi ciniki da yatsu, na sayi yadi mai ruwan ganye, har na tsaya wajen wani mai shayi na ce a tapau mini gurasarsu ta roti, wato a ƙunshe in tafi da shi. Da na dawo na tarar babanku ya ƙona shinkafa, kai kuma ya sa maka riga a bai-bai.

A lokacin muna taruwa ranar Juma'a da la'asar a gidan Maman Khalifa. Mijinta babban malami ne, ita ma ta koyar a makaranta kafin su taho, mace ce mai baki, mai kyauta kuma. Na je da yadin don a ba ni shawarar ɗinki. Ita ta fara magana.

"Kai, wannan ya yi kyau. Malam ne ya kai ki?"

"Ni na je."

"Da tasi?"

"Da jirgi."

"Ke wa? Lamin Klinik Mata?" Ɗaki ya ɗauki shewa. Ta tafa hannu ta dubi sauran. "To jama'a, in dai ko Lami ta iya, mu zaman me muke yi?"

Kun ji inda maganar ta fito. Ba daga bakin babanku ba. Da na ba shi labari ya yi dariya, ya ɗauki jan biro ya rubuta ta a saman takardar don ya tsokane ni. Amma da matan suka ce a kawo musu su gani, ya je shagon kwafi, sai ya rufe jan rubutun ya sa wani suna mai mutunci, Jagoran Sabbin Baƙi Kan Sufurin Birni. Na raba musu. Kowacce ta karɓa ta yi godiya. Juma'ar da ta biyo na ga ɗaya an ɗora mata tukunyar miya.

"Ki ce wa Malam mun gode," in ji Maman Khalifa, "amma ni na riga ki zuwa garin nan. Ki kai wa sababbi."

Alhali na san ba ta taɓa wuce shagon da ke ƙasan benensu ita kaɗai ba. Na koma gida ina ta juya abin. Ba rashin so ba ne, kunya ce. Mace ba za ta ɗauki takardar da ke ce mata ba ki sani ba. Amma na ga yadda fuskokinsu suka saki ranar da aka yi mini shewa. Kowacce ta ji akwai wadda take ƙasa da ita, kuma wannan ta ƙasan ta je ta dawo.

Na haifi Ummi a nan, aka yi suna da yadin. Ban ce na fasa tafiya ba, shi ma bai tambaya ba, muna ta kewaye maganar. Wata safiya yana gugar rigarsa na ce masa ya mayar da sunan da ya rubuta da jan biro.

"Wasa nake yi."

"Na sani. Ka mayar."

"Lami, wasanmu na ɗaki ne. Wanda zai ɗauki takardar nan bai san ke 'yar kawuna ce ba. Cewa za a yi Malam ya mai da matarsa abin dariya."

"An riga an yi dariyar. Gara ta yi wa wani amfani."

"To mu sa Ladi, ko Talatu. Wata wadda babu ita."

"Wadda babu ita ba ta je awon ciki wajen likitan ido ba. Ni suka sani."

"Yaran nan za su girma su karanta."

"Sai mu gaya musu."

Ya ƙi. Ya daɗe yana ƙi, har na fara jin haushi. Wata rana muka sake tayar da maganar, ya fara jero mini dalilai irin na malamai, sai na ce masa tun yaushe bawa ya fara musu da uwar gijiyarsa. Ya tsaya cak. Rabona da kiransa haka tun ranar asibitin ido. Na ga idonsa ya kawo ruwa, ya juya yana neman hularsa da ke kansa.

"Kin fasa tafiya ke nan?"

"Idan na tafi, wa zai ce maka bai gane ba?"

Haka aka sake kwafin da sabon suna. Ba a kwana biyu ba suka ƙare. Maman Khalifa ta ɗauki biyu, ta ce ɗaya ta maƙwabciya ce. Bayan mako na gan ta a tasha ita kaɗai, ta yi kamar ba ta gan ni ba, sannan ta kasa, ta fashe da dariya, muka shiga jirgi tare.

Daga nan abin ya miƙe. Na biyu na asibiti ne, yadda za ki gaya wa likita inda ke ciwo, da yadda ake karɓar lamba a jira. Na uku na kasuwa, da sunayen ganyen da za su tsaya a madadin namu, da gargaɗin cewa idan aka ce miki kaya a shagon burodi, wani abin shafawa ne mai zaƙi, ba wanda zai ɗora miki kaya a ka. Sai na sa yara makaranta, na injin wanki da tukunyar shinkafa ta lantarki, na waya, na kwamfuta. Kowane sai ya karanta mini, in tsayar da shi, ya koma. Idan ya gama, in ɗauki takarda in je in yi abin ni kaɗai, ba ya biyo ni. Idan na dawo ban iya ba, laifin takarda ne, a sake. Na kwamfuta ya ci mana kusan shekara, don ya rubuta "ki buɗe taga", ni kuwa na tashi na buɗe. Karatunsa ya yi jinkiri saboda wannan aiki, abokan zuwansa suka gama suka bar shi, bai taɓa yi mini gori ba. Da ya gama aka ɗauke shi koyarwa, muka zauna.

Masu komawa gida suka riƙa tafiya da su a jaka. Ta haka suka faɗa hannun mai buga littattafai a Kano, ya aiko cewa a yi waɗanda za su dace da mutanen gida, na waya, na awon ciki, na kula da mai ciwon suga. Shi ya yi musu koren bango da zanen mace ta juya baya da mayafi. Mutane suka gajarta sunan, sai ka ji an ce ara mini Laminki ta asibiti. Da aka daina kati a jirgi aka koma wani ɗan kwabon roba, sai da muka sake na farko. Da waya ta yi ƙarfi, wasu suka riƙa karanta su da murya suna turawa ga waɗanda ba sa karatu. Da tafiya ta yi nisa babanku ya fara ƙorafi.

"Kin lalace, baƙauya. Kin fara gane komai. Ina zan sami wata?"

Sai muka riƙa gayyato sabuwar zuwa ta zauna ta tsayar da shi. Amma ba wadda ta yarda a sa sunanta, ni ma ban nema ba.

Ba zan ce muku abin bai ci ni ba. Ya ci. Idan aka je taro aka ce ga Lamin, akwai masu ɗaga murya su yi mini magana a hankali kamar kurma. Wata amarya ta taɓa ganina ina karanta saƙo a waya ta ce ashe kina karatu. Wani daga dangin babanku ya aiko masa da faɗa, ya ce ya zubar da mutuncin gida. Irin waɗannan nakan ji su a ƙirji, in kwana biyu su wuce, don na san abin da na saya da su. Wanda bai wuce ba naka ne, Abba. Ranar wata Sallah a filin da ke ƙasan bene, ka dawo da yagaggiyar riga da kumburarren leɓe. Wani yaro ya kasa buga ƙwallo, ɗaya ya ce masa ko uwar Abba ta iya. Ka shiga ɗaki ka rufe. Babanku ya zauna a bakin gadonka ya yi maka bayani mai tsawo, na taubasanci, na Maman Khalifa, na yadda ni na nace. Ina tsaye a ƙofa. Ka yi ta gyaɗa kai, ka ce "okay, Baba". Da Hausa ya yi maka bayanin, irin wadda ke fitowa idan ran mutum ya ɓaci, mai karin magana a ciki. Mun ɗauka ka ji. Sai ranar shayin nan na gane rabin maganar ta wuce ta saman kanka, kuma kai ba mai cewa ban gane ba ne. Wannan halin ba nawa ka ɗauko ba.

Kwanakin zaman makoki kuna wajen maza da wajen baƙi, ba ku ji abin da ake faɗa a ɗakina ba. Mata sun zo waɗanda ban taɓa gani ba. Wata yarinya da goyo ta durƙusa ta ce mijinta ya yi tafiya, zazzaɓi ya sa ɗanta ya sanƙare, ba ta da kowa, watanta biyu a garin. Ta ce ta ɗauki koren littafin da aka ba ta ranar da ta iso, tana kuka tana karantawa a cikin mota, har ta gaya wa likita abin da ke faruwa. Ta ce, "Mama, ki yafe mini, abin da nake ta faɗa a raina shi ne ko Lami ta iya." Na ce ba abin yafewa, don haka aka rubuta. Maman Khalifa kuma ta kira daga gida, sun daɗe da komawa, ta tsufa, bakin dai yana nan. Ta yi mini gaisuwa yadda ake yi, ta yi addu'a, sannan ta ce:

"Lami, bawanki ya gudu ya bar ki."

A nan na yi kukan da ban yi a asibiti ba, kuma a cikinsa akwai dariya.

Saboda haka ga abin da nake so ka gaya wa mutumin Kano. Ya sa hoton babanku, ya gyara abin da ya tsufa. Suna kuma ya bar shi. Nawa ne, ni na bayar, ina cikin hankalina, bayan mai littafin ya ƙi. Ba na neman ka so sunan, Abba. Na san abin da ka sha a kansa kana yaro, kuma na san don kishina ka yi abin da ka yi, Allah ya yi maka albarka. Abin da nake nema shi ne idan ka je kabarin mahaifinka, ka je wajen mutumin da ya tsaya da dutsen guga a hannu yana cewa yaran nan za su girma su karanta.

Akwai kuma abin da ba ku sani ba. A shekararsa ta ƙarshe ya fara wani littafi, na koyon Hausa ga yaran da aka haifa a nan, masu amsa gaisuwa da Turanci. Ya karanta mini babin farko daga sama har ƙasa ban tsayar da shi ko sau ɗaya ba. Ya ajiye ya ce wannan karon ba ni da amfani, mai zama a wannan aiki sai wanda Hausar ke yi wa gardama. Na ce to ga Abba. Ya ce shi ma kai yake tunani, har sunan ya zo masa, amma ba zai rubuta ba ko da jan biro.

"Shi ba taubashina ba ne, ɗana ne. Sai ya yarda da bakinsa."

Ya ce zai yi maka maganar idan ka sami hutu. Allah bai nufa ba.

Na nuna wa Ummi wannan rubutu kafin in ba ka, don ta duba mini ko ana gane hannuna. Ta karanta a gabana, ta yi ta tambayar kalmomi, ta ce idan za a ci gaba da littafin ita za ta riƙa zuwa ranar Asabar. Dokta Haruna ya ce zai riƙe biro idan an sami mai tsayar da shi. Kai ban tambaye ka ba tukuna, kuma ba zan matsa maka ba. Littafin yana cikin kwamfutar babanku, na iya buɗe ta. Ya gama gaisuwa, ya gama ƙirga da sunayen abinci. Ya shiga babin dangi, ya rubuta uwa da uba, wa da ƙane, kawu da goggo. Daga nan bai ƙara rubuta komai ba.